Samarin fada, ku daina gwada kunnen mutum

Shekaranjiya da la'asar sakaliya, a wata fada, majalisar shayin samari, da ke kan hanyar Kasuwar Dole a Damagaram, samari huɗu suka sa wani ɗan'uwansu a tsakiya ana jiran shayi na biyu. Yana da na'urar ji a kunnen hagu. Sai suka haɗa baki, suna motsa leɓe kamar hira suke, alhali babu mai fitar da murya. Yaron ya dafa kunne, ya ƙara ƙarfin na'urar, bai ji komai ba. Ya cire ta, ya ɓare sabon batir ya sa, ya mayar. A nan ɗayansu ya zagaya ta bayansa ya kwarara masa ihu. Ya zabura har ya ture kofi, su kuwa har da faɗuwa ƙasa don dariya, wani ma yana ɗauka da waya.

Wannan kuke kira wasa? To bari a faɗa muku abin da kuka yi, dalla-dalla.

Batirin na'urar ji da iska yake aiki. Akwai 'yar takarda manne a bayansa, da zarar an ɓare ta iska ta shiga, ya fara ci ke nan ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, kuma mayar da takardar ba ya tsayar da shi. Lamba 13 mai takarda ruwan goro yakan yi mako ɗaya zuwa biyu, lamba 675 mai shuɗiya ya fi shi daɗewa. Ba kowane mai tebur ke sayar da su ba, wani sai ya yi saƙo Yamai ko Kano. Don ku yi dariyar minti biyu kun sa ya ɓarar da jin kwana goma. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi muni. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani abu mai siffar katantanwa, cikinsa 'yan ƙananan gashi ne kusan 15,000 masu karɓar sauti. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Kunnen da ya rasa wasunsu ba ya kama ƙaramin sauti, amma babban sauti zafi yake yi masa fiye da mai lafiya, kamar an soka masa tsinke. Kun sa ya ƙure na'urar, sannan kun zuba masa ihu a ciki. Ku gaya mini inda wasa yake a nan.

Duk wanda ya yi lakwal a garin nan ya san irin wannan yaro, don da wuya a rasa shi a aji. Shi ne mai zama bencin gaba, ido kafe a bakin malam. Da malam ya juya allo yana rubutu yana bayani, darasi ya yanke masa. A dikte sifili yake kwasa, a lissafi ya wuce kowa. Tun da kunne ba ya taimakonsa, hannunsa yake dogara da shi, komai sai ya rubuta, shi ya sa kayensa, wato littafin rubutunsa, ya fi na kowa cika da tsabta. Idan jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare ta matso, kayen nasa ake bi layi a ara. Wanda ya yi zazzaɓi ya sha fashi, wajensa yake kwafe. Wanda lissafi ya ɗaure wa kai, shi ke zama da shi gindin bedi yana warware masa a ƙasa da tsinke, ba gajiya ba gori. An ci BEPC da rubutunsa, an ci bak, jarrabawar gama babbar sakandare, da rubutunsa, yau an girma an mance sunan da mahaifinsa ya yanka masa rago, sai "Kurma" kawai ake kiransa. Ko kare ya san gidan da ya sha ruwa.

Wai kuma har da cewa, "Ai yana ji, iskanci ne, in an yi maganar kuɗi ai yana juyowa." Jahilci ne wannan. Raunin ji mataki-mataki ne, kuma galibi siraran sautuka irin su s da sh da ts da f su ne ke fara ɓacewa. Mutum yana jin murya na tashi, amma kalmomi sun gutsure, sai ya cike gurbin da kallon baki. Kallon bakin ma a Hausa wuya gare shi. Ku tsaya gaban madubi ku ce bara, mara, ɓara: leɓe ɗaya ne. K da ƙ da g a can maƙogwaro suke, ido ba ya ganinsu. Kuka na itace da kuka na hawaye, gari na zama da gari na tuwo, da kunne ake raba su. Aikin da ƙwaƙwalwarsa ke yi a hirar awa ɗaya ya isa ya sa masa ciwon kai. Cikin ɗaki shiru da mutum ɗaya zai fahimta sarai. A fada, ga janareto, ga kabu-kabu na wucewa, ga mutum biyar na magana lokaci guda, sai ya ɓata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuwa kun mai da abin gwaji: a tafa a bayansa, a kira shi daga nesa, a rufe baki a zage shi a ga ko zai gane. Ya ce "na'am?" sau biyu, a ce "bar shi kawai, ba komai." Wannan kalma ta fi ihun ciwo, don kora ce daga cikin mutane.

Alhali abin da yake buƙata bai kai ya kawo ba. Ka zo ta gabansa ko ka ɗaga hannu ya gan ka kafin ka fara. Tsakaninku taku ɗaya ko biyu. Haske ya kasance a fuskarka, kada ka ba fitila baya. Tofar da goron, sauke rawani daga baki. Yi magana yadda ka saba, a ɗan natse, ban da ihu, don ihu yana murguɗa baki ya ɓata karatun leɓe. Bai gane ba, sauya kalmar. Lamba ce ko farashi ko lokaci, rubuta masa a wayar nan da kuke ɗaukar hotonsa da ita.

Kuma wa ya ba ku takardar shaidar cewa naku kunnen zai kai ku tsufa? Nijar tana tsakiyar yankin sanƙarau. A 2015 mutum fiye da 8,000 ya kama a ƙasar nan, daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 kuma ya kama ɗaruruwa a jihar Damagaram. Cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau, ana iya samun ɗaya da ya bar wa tabo, kuma kurumta na gaba-gaba. Ga ƙyanda, ga hangum, ga ciwon kunne mai zubar ruwa da ake sakaci da shi shekara da shekaru, ana ɗiga man ja da ruwan ganye har dodon kunne ya gama lalacewa. Ga allurar jantamisin da masu maganin bakin titi ke tsira wa mutane ba awo ba lissafi, ita ma tana kashe gashin nan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ku da kuke kwana da ekutar a kunne, kiɗa a ƙure har na kusa da ku yana bin waƙar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ke cikin haɗarin rasa ji ta wannan hanya. Shuwar da kuke ji a kunne bayan kun tsaya jikin lasifika a gidan biki, gashin ne ke kuka. Ban ma taɓo masu tiramol ba, waɗanda kunnensu lafiya lau amma ko uwarsu ta yi magana ba su ji. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili, ta hana jifan juna da laƙabi, kuma kun karanta ta a allo. Malamai suna ba da labarin Hatimul Asammu, wanda iska ta kuɓuce wa wata mata a gabansa tana tambaya, sai ya ce ta ɗaga murya ba ya ji sosai, don kada ta ji kunya. Ana cewa daga nan aka riƙa kiransa kurma. Mai ji ya ari kurumta don ya rufa asirin baiwar Allah, ku kuma kuna arar bebantaka don ku tozarta abokinku.

Da can a unguwannin Birni da Zango, yaro ya kwaikwayi gurgu ko kurma, dattijon da ke zaune a dakali ne zai fara kama kunnensa tun kafin labari ya kai gida, uban kuma ya zo ya yi godiya. Kurman unguwa kowa ya iya ɗan maganar hannu da shi, daga mai nama har mai ruwa, ana ciniki ana barkwanci, ana ba shi mata. Babu wanda ya je makaranta ya koyo wannan, zama da mutane ne ya koyar. Yanzu dattijai sun ja bakinsu don gudun rashin kunya, wasu ma a waya suke kallon abin su tura wa na gaba. A fadar nan akwai magidanta biyu a benci, babu wanda ya ce uffan. Yaron ya tsugunna yana lalube cikin rairayi, yana neman tsohon batirin da ya jefar.