Tarihin wasannin bidiyo ya daɗe yana dogaro da sa'a

A 2012 mahaifin Jordan Mechner yana gyaran gida ya ci karo da wani kwali a kabad, ya aika wa ɗansa. Tsofaffin faya-fayen kwamfuta ne a ciki, ɗauke da asalin rubutun manhajar Prince of Persia, wasan da Mechner ya fitar a 1989 a kan kwamfutar Apple II. Ya daɗe yana cigiyarsu har ya fitar da rai. Sai da aka nemo masu tsofaffin na'urori kafin a iya karanta su, daga nan ya ɗora rubutun a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji, kowa ya gani.

Labarin yana da daɗi, amma ni tsoro yake ba ni. Da tsohon ya zuba kwalin a shara, shi ke nan.

Wani zai ce ai wasan yana nan, mece ce ta tayar da jijiyar wuya a kan tarkace? To, wasan da ya fito kasuwa ba ya gaya maka yadda aka yi shi. Ba zai nuna maka cewa Mechner ƙanensa ya ɗauka a bidiyo yana gudu yana tsalle, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zanawa ba. Haka Super Mario Bros. na 1985: a kan takarda mai layi-layi Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka zana matakansa kafin a shigar da su na'ura. A irin waɗannan takardu ake ganin abin da aka gwada aka fasa, da dabarar da aka yi don na'urar ba ta da ƙarfi. Mai koyon sana'ar nan gaba, a nan darasinsa yake.

Kamfanoni kuwa sun nuna ba su iya riƙon amana ba. Lokacin da Konami ta sake fitar da tsofaffin wasannin Silent Hill a 2012, da rubutun da bai kammala ba aka yi aikin, domin na ƙarshen ya ɓata, kuma masu wasa sun ga bambancin. Ba mugunta ba ce kullum. Kamfani yana tashi daga ofis, a sayar da shi, ko ya durƙushe, ba wanda aka ɗora wa alhakin kwalayen.

Su kansu wasannin ba su tsira ba. Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin. A watan Maris na shekarar Nintendo ta rufe shagunan intanet na na'urorin wasanta 3DS da Wii U.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne doka. Masu ɗakunan karatu sun roƙi a ba su izinin bai wa manazarta damar buɗe tsofaffin wasanni daga nesa, ta intanet. A Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi, bayan ƙungiyar manyan kamfanonin wasanni ta nuna adawa, wai mutane za su riƙa wasa don nishaɗi a ɓata musu ciniki. Damuwar ba banza ba ce gaba ɗaya, satar fasaha gaskiya ce. Sai dai wane ciniki ake karewa a kan hajar da mai ita ya daina sayarwa shekara ashirin da suka wuce? Ba su ci ba, sun hana a ajiye.

Akwai masu ƙoƙari, irin gidan tarihin The Strong da ke Rochester a jihar New York, wanda Mechner ya miƙa wa takardunsa. Amma manazarcin da ke wata nahiyar sai ya nemi biza da kuɗin jirgi kafin ya taɓa wasan da ya fi hoton wayarsa ƙanƙanta.