An ba ta magani, ni uwarta fa wa zai gaya min abin yi?

Jiya na kai 'yata asibiti nan Kumasi, wallahi har yanzu raina bai huce ba. Yarinya ko sha bakwai ba ta cika ba, ta daɗe tana ji wa kanta ciwo in baƙin ciki ya taso mata. Tun asuba muka hau trotro daga Aboabo, muna layi har azahar, sai nas ta ɗaga folda ta ƙwala kira da yaren Tuwi, a gaban kowa fa, wai ina mai yanka jikinta? Duk benci ya juyo. Yarinya ta ja hijabi ta rufe hannuwa.

Na matsa na ce Madam don Allah a hankali, ai tana da suna. Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Maame, ke ce uwar?" Na ce ni ce. "To kina ina har ta yi wannan?" Ina ina! Ina yawon biki ne mana, ni da nake kwana ido biyu, ko banɗaki ta shiga ina bakin ƙofa. Na haɗiye, na ce ni dai a gaya min, in abin ya taso mata cikin dare me zan yi, in yi faɗa ne ko in yi shiru, wa zan kira? Ta ce "ki sa mata ido." Shi ke nan fa. Sannu babbar likita, da ban biya kuɗin mota na zo ba ai ban san ana sa wa ɗa ido ba. Ta kira na gaba.

A takarda kam Gana ba ta da na biyu. Tun 2012 aka yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa har da hukuma sukutum, a 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga laifukan da ake kai mutum kotu, a 2024 aka ce NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, ta ɗauki ciwon damuwa. To madalla, amma kin miƙa kati a ce maganin ya ƙare, je famasi ki saya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, Accra, Pantang da Ankaful, duk can kudu, na Bawku can arewa sai ya yi ta kansa. Kuma ko an duba yaro a gurguje, sauran watan a hannun wa yake? Iyaye. Amma ba mai zama da mu, ba mai ba mu lambar kira, ko 'yar takarda da Hausa babu.

Mu ma 'yan Zango ba mu tsira ba. Wannan ta ce aljanu ne, wancan ya ce rashin bulala ne, wata har ɗaki ta biyo ni wai a yi mata aure za ta warke. Su kuma honorabul ba a ganin ƙeyarsu sai lokacin zaɓe, su raba shinkafa da atamfa su wuce, ko sau ɗaya ban ji wani ya hau dandamali ya ambaci yaran nan ba.