Nasiha ga matasa masu kafa sana'a: kada ku raina motsa jiki da rubuta manufa

Ƙannena matasa, maza da mata, musamman ku da kuka tashi haiƙan wajen kafa sana'o'inku, akwai abubuwa biyu da nake ganin kuna yi musu riƙon sakainar kashi, kuma abin yana damuna ƙwarai. Na farko motsa jiki. Na biyu zama a rubuta inda sana'a ta dosa da abin da aka kafa ta dominsa. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne dalilin raina su. Duka biyun ba sa kawo kuɗi a ranar da aka yi su, shi ya sa ake ɗaukarsu aikin wanda ya rasa abin yi.

Bari in fara da jiki. A cikin al'ummomi da yawa ana kallon motsa jiki a matsayin harkar yara da 'yan wasa. Da mutum ya yi aure, ko ya samu ɗan abin hannu, sai ya ga zubar da girma ne a gan shi yana sassarfa a gefen titi. Teɓa kuma ta zama shaidar cewa Allah ya buɗa, har a riƙa yi wa mai ita barka. Wannan tunani yana da tushe, ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen zamanin da sun rayu ne a kan aikin ƙarfi, noma da ɗaukar kaya da doguwar tafiya a ƙasa, saboda haka wanda ya samu damar zama ya huta shi ne wanda ya yi nasara. To amma rayuwarku ba irin tasu ba ce. Kai da ke wuni a kan kujera gaban kwamfuta ko waya, ka fita a abin hawa ka dawo a abin hawa, wace gajiya ce kake hutawa daga gare ta?

Tun a shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba yana zaune har ya tashi daga aiki, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗin mota. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin fiye da kwandastocin, alhali mota ɗaya suke ciki. Daga nan bincike ya yi ta tabbatar da cewa yawan zama yana ƙara haɗarin hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki da wasu nau'o'in ciwon daji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce kowa ya zama ɗan tsere ba. A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, abin da ta nema ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, kamar gudu, sannan a ware kwana biyu a mako don ƙarfafa tsokoki. Minti 30 a rana, kwana biyar, ka cika 150. Duk da sauƙin wannan, alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna kusan kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa kaiwa wannan mizani, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. Wannan na mata yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin sau da yawa ba kasala ce ke hana su ba, tsoron bakin mutane ne da rashin wurin da za su sake. Ya ku maza, ku taimaka wa matanku da 'yan'uwanku mata su samu lokaci da wuri na mutunci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma shi ne ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa a wurin Allah a kan mumini mai rauni, ko da yake kowannensu yana da alheri. To girman wa kake tsoron zubarwa?

Yanzu ga maganar sana'a. Abu biyu ake rubutawa. Hangen nesa shi ne inda kake so ka kai nan da shekaru, wane canji kake so a gani saboda aikinka. Manufa kuwa ita ce abin da kake yi yau, wa kake yi wa, kuma ta wace hanya. Lokacin da kamfanin Microsoft, wanda aka kafa a 1975, yake tasowa, hangen nesansa shi ne a samu kwamfuta a kan kowane tebur kuma a kowane gida, a zamanin da yawancin mutane ba su taɓa taɓa kwamfuta ba. Google ya ce manufarsa ita ce tsara bayanan duniya yadda kowa zai iya samunsu ya amfana da su. Ku lura da gajartarsu. Yaro ma zai iya haddace su.

Abin da na fi gani a wurinku shi ne ɗayan biyu. Ko dai ba a rubuta komai ba, wai ai abin yana cikin kai, ko kuma a shiga intanet a kwafo jimla mai ƙyalƙyali: "Mu zama kamfani na ɗaya a duniya wajen inganci da gamsar da abokan ciniki." A buga ta a bango, shi ke nan an sallami kai. Irin wannan magana mai sayar da takalma zai iya rataya ta, mai gyaran waya ma haka, kuma wannan shi ne shaidar cewa ba ta ce komai ba.

Masanin harkar gudanarwa Peter Drucker ya yi fice da wasu tambayoyi da ya ce kowane mai kasuwanci ya yi wa kansa: mene ne ainihin sana'armu, wane ne abokin cinikinmu, kuma me yake ɗauka da daraja? Ka zauna da takarda da alƙalami ka amsa su da gaskiya, da kalmomin da kake magana da su kullum. A ce ke mai ɗinki ce. Idan kika rubuta, "Muna ɗinka wa ɗalibai kayan makaranta masu ƙarko, muna kuma miƙa su a ranar da muka yi alkawari," to kin samu abin auna kowace shawara. Ranar da aka kawo miki wani babban aiki da zai sa ki saɓa wa iyayen yara alkawari, wannan jimla ce za ta ba ki ƙarfin cewa a'a. Ranar da za ki ɗauki sabuwar ma'aikaciya, da ita za ki faɗa mata irin gidan da ta shigo. Manufar da ba ta taɓa sa ka ƙi wani abu ba, ado ce kawai.

Ga inda nake so ku haɗa biyun. A ƙaramar sana'a, mai ita shi ne manaja, shi ne akanta, shi ne mai talla. Idan ya kwanta jinya wata guda, sana'ar ma ta kwanta. Kana rubuta hangen nesa na shekara 10 ko 20, amma ba ka tanadi jikin da zai kai ka can ba, ka ga lissafin bai cika ba ke nan. Saboda haka a takardar da ka rubuta manufarka, ka rubuta lokacin motsa jikinka a ƙasanta, da rana da sa'a, ka riƙe shi yadda kake riƙe alkawarin babban abokin ciniki. Ba sai da kayan aiki masu tsada ba. Tafiya da sauri ta isa a fara da ita, kuma idan ka samu abokin tafiya za ka fi ɗorewa. Wanda ke da hawan jini, ciwon zuciya ko wata larura, ya fara ganin likita ya faɗa masa abin da ya dace da shi.

Ita ma manufar, ka riƙa duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara, domin kasuwa tana canzawa. Ka tambayi waɗanda ke aiki tare da kai su faɗe ta da ka. Idan suka kasa, ko kowa ya faɗi tasa daban, ku zauna tare ku gajarta ta har ta zauna a bakin kowa.