Kama Da Wane Ba Ta Wane: Zuwa Ga Mai Hatimi Ɗaya

Na daɗe ina haɗiye wannan magana, amma takardar da wata ɗaliba ta ajiye mini a tebur makon jiya ta hana ni ci gaba da shiru. Shafi tara ta rubuta kan wasan kwaikwayon talabijin, rubutu mai tsabta, kowace hujja da mintin da fitowar ta zo a cikin shirin. A ƙasan shafin ƙarshe an ja layi biyu da jan biro, an rubuta mata cewa ba ta fahimci ra'in bayan-zamananci ba, wato mazhabar nazarin adabi da al'ada da ake kira postmodernism da Turanci, an yanke mata maki. Babu gyara ko ɗaya a gefen shafukan tara ɗin nan. Ta tsaya tana murza gefen jakarta, ta ce, "Malam, don Allah ka duba mini, ni dai ban ga inda na kauce ba." Na karanta sau biyu. Ba ta kauce ba. Laifinta shi ne ta yi tambayar da wani ba ya son a yi masa.

Ba zan kama suna ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, mai abin kuma zai gane kansa tun daga layin farko.

Akwai mutumin da ya mayar da kalmar bayan-zamananci hatimi. Duk shirin da aka kawo gabansa sai ya buga. An yi waiwaye a labari, ya buga. Jarumi ya kalli kyamara, ya buga. An sa tsohuwar waƙa a sabon shiri, ya buga. Labari ya ƙare ba a warware ba, ya buga. Tatsuniyar gizo ba ta wuce ƙoƙi. Shekara da shekaru yana tara wa ɗalibai jerin alamomi su haddace, su shiga jarrabawa su zazzage, su fito ba su san me ya sa marubuci ya zaɓi wannan dabara ya bar waccan ba. Abin da ke ƙona mini rai ke nan, domin wannan fanni na ba shi ƙuruciyata, kuma na san daɗin da ke cikinsa idan an koyar da shi da gaskiya.

Mu koma tushe, tunda wani ya daina komawa. A 1979 masanin falsafar Faransa Jean-François Lyotard ya fitar da rahotonsa kan halin da ilimi ke ciki, wanda hukumar jami'o'in Kebek ta Kanada ta nemi ya rubuta. Jigon maganarsa shi ne mutane sun daina amincewa da manyan labaran da ke ikirarin bayyana tarihi gaba ɗaya, irin su cewa kimiyya za ta kai kowa tudun mun tsira, ko juyin juya hali zai 'yanta kowa. Magana ce kan yarda da shakka. Ba lissafin dabarun haɗa hoto ba ce. A 1981 wani masanin Faransa, Jean Baudrillard, ya kawo batun kwafin da ya rabu da asalinsa har ya maye gurbinsa. Da ya rubuta maƙalolinsa na 1991 kan Yaƙin Tekun Fasha, nufinsa shi ne abin da aka nuna wa duniya a allon talabijin shiryayyen hoto ne da ya rufe ainihin abin da ya faru a ƙasa. Amma na ji da kunnena ana gaya wa ɗalibai cewa mutumin ya ce babu wani abu na gaske a duniya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

To me ɗalibar ta rubuta? Ta ɗauki dabara ɗaya, wato ɗan wasa ya juyo ya yi wa mai kallo magana, abin da ake kira rusa bango na huɗu. Ta ce dabarar ta girmi talabijin da ɗaruruwan shekaru, domin mugayen sarakunan Shakespeare suna juyowa su faɗa wa 'yan kallo makircinsu, marubucin wasan kwaikwayo na Jamus Bertolt Brecht kuma ya yi amfani da ita don ya farkar da mai kallo ya yi tunani. Don haka, in ji ta, ganin dabarar kaɗai bai isa hujja ba, sai an tambayi aikin da take yi a wannan shiri. Sai ta kwatanta shiri biyu. A Moonlighting na Amurka, wanda aka fara a 1985, Bruce Willis da Cybill Shepherd kan yi wa kyamara magana, su ambaci marubutan shirin, su nuna sun san a talabijin suke. Wasa ne da iyakar ƙage da gaske, kuma ta yarda nan kalmar ta zauna daidai. Sannan ta zo kan Fleabag na Birtaniya. A nan ne ta yi abin da ya burge ni.

Duk wanda ya kalli zango na biyu, na 2019, zai tuna wurin. Jarumar shirin ta saba juyowa gare mu ta jefa ba'a ta koma, babu wanda ke lura a cikin labarin. Sai ga limamin cocin nan da take so, suna zaune suna hira, ta ɗan karkato gare mu, shi kuma ya tsaya ya tambaye ta ina ta tafi yanzun nan. Fuskarta ta canza. An kama ta a maɓoyarta. Ɗalibar ta rubuta cewa kallon kyamarar nan gudun baƙin ciki ne, mace ce da ta rasa aminiyarta ta kasa fuskantar kanta, ta mayar da mu wurin fakewa. Shi ya sa a ƙarshe, a tashar bas, ta girgiza mana kai kada mu biyo ta, ta ɗaga hannu ta tafi. Dabarar da ake cewa tana kashe tausayi ita ce ta sa mutane kuka. Ɗalibar ta tambaya: idan haka ne, hatimin ya dace da wannan shiri kuwa, ko yana buƙatar sharaɗi? Wannan tambaya ce aka saka mata da jan biro.

Kama da wane ba ta wane. A 1986 masu shirin Dallas na Amurka suka nuna Bobby Ewing, ɗaya daga cikin jaruman labarin, a banɗaki yana wanka, alhali an kashe shi shekara guda kafin nan, aka ce duk zangon da ya wuce mafarkin tsohuwar matarsa ne. Dalilin a fili yake, ɗan wasan ne ya dawo, ana neman hanyar shigar da shi. A shekarar dai BBC ta nuna The Singing Detective na Dennis Potter, kashi shida, inda marubuci ke kwance a asibiti da ciwon fata da na gaɓɓai, labarin binciken da ya ƙaga da ƙuruciyarsa da gadon asibitin suna cuɗanya, likitoci su ɓarke da tsoffin waƙoƙi. Potter kansa ya yi fama da wannan ciwo. A ganina duk wannan tarwatsewar tana jan mutumin ne zuwa ga gaskiya ɗaya da ya binne tun yana yaro, wanda hakan ya fi kusa da zamananci, wato ra'in da ya gabata, fiye da bayan-zamananci. Ana iya saɓa mini a kan wannan, kuma zan ji daɗin saɓanin. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a jefa shirin nan biyu a kwando ɗaya don kowanne ya taɓa mafarki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɓoye wa ɗalibai cewa manyan fannin kansu ba su taɓa yin baki ɗaya ba. Fredric Jameson, a maƙalarsa ta 1984 da littafinsa na 1991, ya ga kwaikwayon tsoffin salailai a matsayin kwaikwayo mara haƙori, alamar al'ummar da ta rasa jin tarihinta, tana sayar da kewar jiya kamar haja. Linda Hutcheon a 1988 ta ƙi yarda, ta ce irin wannan kwaikwayo yana shiga cikin tsohon salo ne ya tuhume shi daga ciki. Ka sa Stranger Things a tsakaninsu, shirin 2016 da labarinsa ya fara a 1983, ka tambayi aji: shekarun tamanin ɗin gaske ake tunowa, ko shekarun tamanin na finafinai? Awa biyu ba za ta isa ba. Na gwada, na ga ɗaliban da ba sa buɗe baki suna rige-rigen ɗaga hannu. Amma wani ya zaɓi ya kira sunayen mutanen nan biyu a numfashi ɗaya kamar abu guda suka faɗa. Ko dai bai karanta su ba, ko yana tsoron aji ya gane akwai tambayar da ba shi da amsarta.

Haka yake yi da Twin Peaks. Kullum shi ne misalinsa, kuma ban musa ba, shirin David Lynch da Mark Frost na 1990 ya haɗa salon wasan soyayya na yamma da na bincike da na ban tsoro yadda ba a saba gani ba. Sai dai bai taɓa gaya wa ɗalibai cewa tashar ABC ta matsa aka bayyana wanda ya kashe Laura Palmer, yarinyar da aka gina labarin kan kisanta, a zango na biyu, masu kallo suka ragu, aka dakatar da shirin a 1991 ba. Mai nazarin kafafen yaɗa labarai da ya manta da tasha da masu talla da ƙididdigar masu kallo, rabin aikin ya bari.

Na san abin da zai biyo baya. Za a ce hassada ce, za a ce ina neman kujerar wani. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni ban nemi komai ba sai a daina karya gwiwar yaran da suka fara kallo da idonsu. Yarinyar nan ta ce mini ta yanke shawarar daga yau za ta riƙa rubuta jerin alamomin kawai, tunda shi ne ke kawo maki. Wannan jimla ta fi jan biron yi mini ciwo.

Na hana ta. Na ce ta nemi a sake duba takardar ta hanyar da doka ta tanada, na kuma ajiye kwafi a wurina. Idan mai jan biron yana ganin ta yi kuskure, ƙofata a buɗe take. Ya zo da shafin Jameson ko na Hutcheon da ya dogara da shi, ni kuma zan kunna fitowar limamin nan, mu zauna mu kalla tare, ya nuna mini a wane minti ɗalibar ta kauce.