Bakano, Bazazzagi da Harafin Duka

A wani kantin yadi a birnin Guangzhou, kusa da unguwar Xiaobei inda 'yan kasuwarmu suka saba sauka. Bakano ya zo saro, Bazazzagi ɗalibi ne tafintansa. Mai kanti ta yi murmushi ta ce, "Da ba zhe."

Bakano: Innalillahi! Malam, tashi mu bar wurin nan. Ka ji ta ce daba? Har nan ma sun iso?

Bazazzagi: Zauna, Alhaji. Ka baro Kurna ka zo Chana kana neman 'yan daba. Ragi ta ce za ta yi maka.

Bakano: Kai dai ba ka da amana. Ba kai ka ce mini "da" duka ne ba, ranar da muka ga direbobi biyu sun shaƙe juna?

Bazazzagi: Na faɗa, kuma ban janye ba. Dubi allon can: 打. Zane biyar ne kacal. Uku na hagu alamar hannu ce, biyu na dama kuma "ding", wato ƙusa. Asalinsa duka. Amma Basine ya ɗora wa harafin nan kaya kamar jakin Kano.

Bakano: Bar jakin Kano ya huta.

Bazazzagi: In zai kira matarsa, "da dianhua". In zai tare tasi, "da che". Likita zai yi maka allura, "da zhen". Atishawa ma "da penti" ce.

Bakano: Wato mutum ya doki waya, ya doki mota, ya doki atishawa. Mutanen nan lafiyarsu ƙalau kuwa?

Bazazzagi: Jiya da dare me ka yi wa Hajiya?

Bakano: Na buga mata waya.

Bazazzagi: Ta fashe?

Bakano: Wa?

Bazazzagi: Wayar da ka buga. Kai da kake cin kasuwa, ka ci bashi, ka ci riba, bara ma na ji ka ci amanar abokin cinikinka, duk ba ka taɓa neman ruwan korawa ba, kai ne za ka yi wa wani dariya?

Bakano: Zancen amanar nan ƙarya ce, sulhu aka yi. To wancan yaron da ke ta ihun "da bawo", waye Bawo, me ya yi musu?

Bazazzagi: "Da bao". Ɗaure kaya yake nufi. Ko a gidan abinci ka rage shinkafa, haka za ka ce a ƙulle maka ita. Wannan kam ka haddace, na san ba ka barin ko loma.

Bakano: Kuɗina na saya. Ci gaba, bawana.

Bazazzagi: Sai ka kiyaye murya. Ka sauke ta a ƙarshe ka ce "da jia", faɗa ke nan. Ka lanƙwasa ta, ya zama farautar kayan jabu.

Bakano: Duka biyun ba na so. Kada ka sake furta na biyun a kusa da kwantenata.

Bazazzagi: In kuma ka ɗaga murya a kan "da" ɗin kansa, ya koma dozin. Daga Turanci suka aro, inda mu ma muka aro namu.

Bakano: Yauwa, yanzu ka shigo karatun da na iya. Koma kan ragin. "Ba" nawa ne?

Bazazzagi: Takwas.

Bakano: Allahu Akbar! Ta rage takwas cikin goma! Bandir na yuan 500 ya dawo 100. Ce mata a ɗaure ɗari biyu. Kwari za ta san na dawo.

Bazazzagi: Sauko, Alhaji. Su abin da za ka biya suke faɗa, ba abin da aka yafe maka ba. Takwas cikin goma za ka biya. Yuan 400.

Bakano: Ɗari huɗu? Ashe dai dukan ne, ka ce ragi.

Bazazzagi: Lissafinsu ke nan. Ƙaramar lamba ita ce babban ragi. "Da wu zhe" rabin kuɗi.

Bakano: Ɗaya fa, yaya suke cewa?

Bazazzagi: "Yi". Amma ina ba ka shawara...

Bakano: Riƙe shawararka, a Zariya ake sayenta. Madam! Da yi zhe!

Mai kanti ta daina murmushi. Ta ajiye kalkuleta, ta jawo sandar awon yadi, ta yi magana da sauri.

Bakano: Na ji "da" a ciki. Wanne ne wannan, na waya ko na tasi?

Bazazzagi: Ɗauki hularka, Alhaji. Wannan na asalin ne.