Ranar da Na Sauke Giyabos a Tsakar Gida

Alhajin da ya sayar mini da motar bai yi mini ƙarya ba, wannan zan shaide shi ko a gaban alƙali. Cewa ya yi injin lafiyarsa ƙalau ranar da aka kashe shi. Wace rana ce, a wace shekara, bai faɗa ba, kuma ɗa na gari ba ya tsare dattijo da tambayoyi.

Toyota Land Cruiser ce ƙirar 80, irin waɗanda aka yi tsakanin 1990 da 1997, tawa 'yar 1994. Alhaji dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba, da ita ya riƙa zaga kasuwannin Arewa, su Potiskum da Maigatari da Mai'adua, zamanin da ƙarfinsa. Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya ajiye ta a bayan gida. Kaji suka karɓi kujerar baya, ɓeraye suka raba sauran a tsakaninsu.

Ni kuwa albasa nake sayarwa a Mile 12, gidana a Agege. Duk wanda ya san layinmu a watan Yuni da Yuli ya san dalilin da mutum zai yi mafarkin mota mai tsayi, wadda tayoyinta huɗu ke ja. Akwai kuma wani dalilin da ban faɗa wa uwargida ba: ina so wata Sallah in shiga garinmu da ita, in yi hon a ƙofar gidan wani abokina da ya taɓa cewa ko keke ba zan kawo daga Ikko ba.

Injin da ke cikinta shi ake kira 1HZ, silinda shida a jere, lita 4.2, gas yake sha, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Wannan ne ya ba ni ƙarfin hali. Na ce abin da ba shi da kwamfuta ai sifana ce maganinsa, don me zan kai wa bakanike ya yanke ni? Ga shi na kalli Turawan Ostareliya a YouTube suna kwance irinta suna ɗaurawa, suna dariya, rigarsu ko ɗigon baƙin mai babu. Abin da ba su nuna ba shi ne notin da ya sha damunar Legas shekara da shekaru. Nasu da an taɓa yake juyawa. Nawa sai an jiƙa shi da kananzir, an kwana, an yi masa addu'a, sannan ya karye.

Da janwe aka kawo ta. Direban janwen, kafin ya ɗaura sarƙa, ya leƙa ciki ya ɗan yi taɓe-taɓensa ya fito. A bakin ƙofa samarin layi suka karɓa da turi, muka naɗe madubai, ta shige tsakar gida da ƙyar. Baba mai gida, dattijon Bayarabe da ya yi zaman Sabon Garin Kano har Hausa ta zauna masa, ya tsaya yana kallo.

“Malam, wannan gini ne ko mota?”

“Baba, kafin azumi na fitar da ita.”

Ya gyaɗa kai. Shi ma bai tambayi azumin wace shekara ba.

Aikin farko ya tafi yadda ake so, in ka cire kuɗi. Mai wayarin ya zo ya dinke abin da ɓeraye suka ci. Na sayi batir. Muka zuƙe tsohon gas daga tanki, rabinsa ruwa. Sai bel ɗin taimin, wanda ƙa'ida a canza shi duk kilomita 100,000, don in ya tsinke injin na tafiya, fistin da bawul ne za su gaisa da ƙarfi, gaisuwar da ba a tashi daga ita da arha. Na tambayi Alhaji yaushe ya canza na ƙarshe, ya ce, “Ashe ana canza shi?” Washegari na nufi Ladipo.

Wanda bai taɓa shiga Ladipo ba bai san ana ƙaunarsa a duniya ba. Tun daga inda ka sauka a danfo kan titin Oshodi zuwa Apapa, a tashar da ake ce wa Toyota, za ka ji an ba ka sarauta: wannan ya ce Alhaji, wancan ya ce Ciyaman, wani ya riƙe maka leda. Dokar wurin ita ce ka zo da tsohon abin a hannunka, don in ka tsaya kwatance za a sayar maka da na wata motar, a rantse maka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kaya kuwa hawa uku ne. Akwai sabo orijinal, wanda in aka faɗi kuɗinsa sai ka nemi wurin zama. Akwai Beljiyom, wanda aka ciro daga jikin wata motar a Turai, ya tsufa amma da mutuncinsa. Akwai kuma na uku, wanda mai shago ke ce maka, “Zai yi aiki.” Zai yi, har ka kai Oshodi. Duk abin da ka tambaya kuma akwai shi, sai dai yana “ɗaya shagon”, yaro ya ruga da tsohon naka ya ɓace cikin lungu, kai kana zaune kan wani mataccen injin kana lissafin ko za ka sake ganinsa.

A gida kuwa kayan kicin suka fara ƙaura ɗaya bayan ɗaya. Robar wanki ta koma ta tarar baƙin mai. Kwanon sha ya cika da notuna. Ranar da muke fitar da iska daga layin mai, ƙanena yana danna ɗan famfon da ke kan filta, ni na sassauta notunan nozul ina ba da wuta, gas ya yi tsartuwa ya sauka a kan shanyar uwargida, har da mayafinta na zuwa biki. Ta fito ta dubi mayafin, ta dube ni.

“Malam, da kishiya ka yi mini, da aƙalla ta riƙa karɓar girki.”

Ranar da injin ya tashi, unguwa ta sani. Ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama da wata irin rugugi da ta girgiza kwanon rufi. Hayaƙi fari ya turnuƙe gidan, baƙi ya biyo baya. Matar ɗakin ƙarshe ta fito da bokitin ruwa tana salati, ta zaci janareta ne ya kama da wuta. Yara suna tsalle, uwargida da kanta sai da ta yi murmushi ta ɓoye. Na hau, na gyara zama, na gyara hula, na taka kuloci, na sa giya ɗaya, na saki a hankali.

Mota ba ta motsa ba.

Na sa ta biyu. Na sa ribas. Na ba ta totur har tagogin Baba mai gida suka ɗauki rawa. Tana nan inda samari suka ajiye ta.

Kafin la'asar majalisar mai shayi ta zauna a kan lamarin. Mai faci ya ce kuloci ne. Wani ɗan acaba da ya koma tura baro ya ce kuloci ne. Ladan, wanda ko keke ban taɓa ganin ya tuƙa ba, ya ce shi tun daga masallaci ya ji ƙarar, ƙarar kuloci ce. Ijma'i ya tabbata, kuma ni ba mai saɓa wa jama'a ba ne.

To, canza kuloci a wannan mota sai an sauke giyabos gaba ɗaya, tare da ƙaramin akwatin da ke manne a bayansa, wanda ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. A gareji akwai rami, akwai jak na musamman. Ni abin da nake da shi kwali ne na shimfiɗa, da ƙanena, da jak ɗin taya. Amma na yi tsari irin na masu ilimi: duk abin da zan kwance sai na ɗauke shi hoto a waya, domin in mayar da shi daidai yadda na same shi. Farfela ta gaba, hoto. Farfela ta baya, hoto. Sandar giya babba da 'yar ƙaramar da ke gefenta, hoto ta kowane ɓangare.

Notunan sama na giyabos, duk wanda ya tsara wurinsu bai yi niyyar ɗan Adam ya kai hannu can ba. Ina kwance a ƙasa, tsatsa na zubo mini a ido, sauron Agege ya samu ƙafafuna a waje ba mai tsaro. Da na ƙarshe ya fita, ƙarfen ya zamo baya da nauyin da ban yi masa zato ba, jak ya karkace. Na ƙwalla wa ƙanena kira ya kawo wani abu a tokare. Yaro mai hanzari, ya ruga ya dawo da turmin uwargida, wanda ya zo tare da ita daga gida ranar da aka kawo ta. Turmin ya riƙe, Allah ya yi masa albarka, ya dai tsage daga baki har gindi.

Na ɗauki tsohon faifan kuloci na koma Ladipo. Mai shagon ya juya shi, ya shafa, ya ce da ni wannan ai da sauran namansa, ina da tabbacin shi ne matsalar? Na yi murmushi. Shekara nawa ina kasuwa, na san dabarar da ake yi wa mai saye don ya saki jiki. Na ce ya ba ni sabo.

Wurin mayarwa akwai wata 'yar sanda da ake zurawa don faifan ya zauna a tsakiya cif, in ba haka ba giyabos ba zai koma mazauninsa ba ko za a shekara ana turawa. Ba ni da ita. Na zaga gida ina auna abubuwa da ido har na kai ga muciya. Kaurinta ya ɗan yi yawa, na fere ta da wuƙa. Daren nan shinkafa muka ci, kuma ba a yi hira ba.

Komai ya koma inda yake, hoto bayan hoto, har 'yar ƙaramar sandar na daidaita ta kan harafin da na same ta. Na tayar. Na sa giya ɗaya. Na saki sabon kuloci, wanda kuɗinsa ya kai buhunan albasa da ba na son tunawa.

Ko gezau.

Ina zaune a ciki na kifa kai a sitiyari sai ga Kawu ya shigo, daga Idi-Araba ya zo duba yara. Tsohon direban tanka ne, ƙuruciyarsa duk a hanyar Apapa zuwa Kano ta ƙare. Na sauko na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari tun daga kaji har muciya. Bai katse ni ba.

“Da ka ba ta wuta ba ta tafi ba, ka ji ƙauri?”

“A'a, Kawu.”

“Kulocin da ke zamewa har ya hana mota motsi, ai makwabta ma sai sun toshe hanci. Hau ka taka mini.”

Na hau na taka. Ya zagaya ɗaya ƙofar, bai ko shiga ba, ya miƙa sandarsa ta dogarawa ya tura 'yar ƙaramar giyar nan daga N, ta wuce H4, ta faɗa H2.

“Saki a hankali, ɗan nan.”

Mota ta yunƙura. Ta taka ragowar turmin, ta ture duron ruwa, na samu birki saura taku ɗaya in shiga ɗakin Baba mai gida ba sallama.

Kawu ya zauna kan benci ya yi mini karatu a gaban yara. Ƙarfin injin, in ji shi, daga giyabos sai ya bi ta ƙaramin akwatin kafin ya kai taya. H2 tayoyin baya kaɗai, ta kan kwalta ke nan. H4 duka huɗun, L4 kuma ta laka da hawan dutse, a hankali amma da ƙarfi, kuma duka biyun sai ka sauka ka murɗa makullan da ke cibiyar tayoyin gaba tukuna. N kuwa ba ta kai ƙarfi ko'ina. Mai janwe ne ya sa ta a nan don kada jan ya wahalar da giyabos, kuma ya yi daidai, yaron ya san aikinsa.

Ni dai har gobe ina kan bakana: kulocin da aka ɗaura tun 1994 ya cancanci hutu, kuma da ban canza shi a tsakar gida ba, da a dajin Jebba zai tsayar da ni. Na roƙi Kawu maganar ta tsaya a tsakaninmu, ya ce ai shi ba mai surutu ba ne. Da aka idar da magariba ladan ya juyo ya ce shi dama tun farko ƙarar ba ta yi masa kama da ta kuloci ba.

Da safe na wanke ta tas, na sa farar shadda, na ce yau sai gadar Pen Cinema, wadda tun da aka buɗe ta a 2021 a danfo kawai nake hawanta. Na juyo da hancin motar wajen ƙofa, sai na ga abin da kullum nake wucewa ta gefensa da leda a hannu ban taɓa yi masa kallon direba ba. Cikin watannin da nake kwance a ƙarƙashin mota, Baba mai gida ya gina wa 'yarsa ɗan shagon POS a bakin ƙofa, da bulo da siminti, har da rumfa. Muka auna motar da igiya, muka auna abin da ya rage na ƙofar. Ko an naɗe madubai, saura tafin hannu guda.

Na sami Baba da maganar. Ya ce shi azumi biyu ya jira bai ga ta fita ba, ya ɗauka na fasa ne na mayar da ita ɗaki, har yana shirin yi mini maganar kuɗin haya.

Yanzu kowace safiya nakan tayar da ita don kada batir ya mutu, in je gaba har bakin shagon, in dawo da baya har bakin duro, yara a kujerar baya suna ɗaga wa uwarsu hannu. Majalisa ta sake zama. Mai faci ya ce a sace iskar tayoyi, aka tuna masa faɗi ne matsalar, ba tsayi ba. Mai shayi ya ce tunda yanzu hannuna ya faɗa, in kwance ta gunduwa-gunduwa in fitar, in ɗaura a waje. Ban ce na yarda ba, na dai ce zan duba hotunan da ke wayata. Ƙanena ne ya kai labarin cikin gida, kafin in shigo uwargida ta kai sabon turminta ajiya gidan makwabta.