Cire Littattafan Addini Daga Makarantun Gwamnati Ba Shi Ne Mafita Ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen cire littattafan addini daga manhajar makarantun gwamnati, sai jama'a su rabu gida biyu, alhali ana cakuɗa abubuwa biyu ne da suka sha bamban: sa yara ibada a cikin aji, da koya musu abin da littafin ya ƙunsa a matsayin ilimi.

Kotun Ƙolin Amurka ta bambance su tun 1963, lokacin da ta hana karanta ayoyin Baibul a matsayin ibadar safe a makarantun gwamnati, amma ta ce babu laifi a yi nazarinsa ta fuskar tarihi da adabi. Masu neman a cire komai rabin farko na hukuncin kawai suke tunawa.

A ganina abin da ya faru a Faransa ya fi cancantar a duba. A 1882 dokar Jules Ferry, ministan ilimi na lokacin, ta fitar da koyar da addini daga makarantun firamare na gwamnati, ta ware rana ɗaya a mako domin iyaye su kai 'ya'yansu su koya a waje. Sai ga shi a 2002 marubucin Faransa Régis Debray ya miƙa wa ma'aikatar ilimin ƙasar rahoto yana ba da shawarar a riƙa koyar da sanin addinai, domin an wayi gari ɗalibai ba sa fahimtar tarihi da zane-zane da adabin ƙasarsu, tun da yawancinsu a kan labaran addini aka gina su.

Sai dai masu son gwamnati ta koyar da aƙida su ma akwai tambaya a kansu: wa zai zaɓi fassarar, kuma fahimtar wace ƙungiya malamin zai bi? A 2024 jihar Luwiziyana ta Amurka ta wajabta liƙa Dokoki Goma, waɗanda Baibul ya ce Allah ya bai wa Annabi Musa, a azuzuwa, alhali Yahudawa da Katolika da Furotesta ko a wajen lissafa su ba su daidaita ba.

Don haka ni ina goyon bayan a bar nassin a aji, a karanta shi domin sani, kada a tilasta wa kowane yaro yin ibada, kuma a bai wa iyaye damar janye 'ya'yansu daga darasin, kamar yadda dokar ilimi ta Ingila ta tanada tun 1944.